Kazar da Ta Kwantar da Dokin Baba

Baba ya taɓa rantsewa a gabanmu duka cewa ranar da aka gan shi a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, to a tabbata gawarsa aka ɗauko. Ya ƙara da cewa mutanen Garwa ba za su ga ɗingishinsa a titi ba. Mun yi dariya a lokacin, amma mun san halinsa, in ya kafe ko bijimi bai fi shi taurin kai ba. Bijimin ne ma ya jawo maganar. Wani jan sa ne ya take masa gwiwa a mayanka tun ina ƙarama, ƙafar dama ta ƙi lanƙwasuwa daga ranar. Sai ya ajiye wuƙa ya koma dillancin shanu a kara, ya sayi doki.

Dokin nan akawal ne, baƙi wuluk, shi ne ƙafar Baba. Da shi yake zuwa kara, da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake gangarawa bakin Binuwai da yamma ya tarar da abokan hirarsa. Akwai wani tsohon turmi da aka kifa a ƙofar zaure, a kansa yake takawa ya hau. Fulanin unguwa suna tsokanarsa, wai tun yaushe mahauci ya san linzami. Shi kuma ya ce musu kakansa da jaki ya shigo garin nan daga ƙasar Kano, shi ya hau doki, su jira su ga abin da jikansa zai hau. Wannan zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, lokacin da mobilet ta fara cika titi tana damun mutane da ƙara.

Ni a lokacin ina zaune a gidan Baba da 'ya'yana biyu. Inna ta rasu, maigidana kuma direban kamiyo ne, wato babbar mota, yana jigilar auduga zuwa kudu, rabin shekara yana hanya. Girki nawa, shara tawa, faɗa da maƙwabta ma nawa, don ni dai Allah bai yi ni da baki mai shiru ba.

Doka ɗaya Baba ya kafa a bayan gida, inda turken doki yake: kada kaza ta kusanci harawa. Ya ce gashin kaza ɗaya in ya shiga abincin doki sai ya sa shi tari. Ni kuwa ina da wata kaza wake-wake, na ɗaura mata jan zare a ƙafa, ina ji da ita. Duk inda ta yi ƙwai sai gafiya ta riga ni. Da na ga ta fara neman kwanci, sai na lallaɓa na yi mata gurbi a can ƙuryar ɗakin harawa, tsakanin dammuna, na zuba mata ƙwai tara. Na ce a raina kwana ashirin da ɗaya ne kawai, wa zai sani.

Ranar da aka kawo sabuwar harawa daga ƙauye ina gidan suna a wata unguwa. Yayana, wanda ya gaji wuƙar Baba, shi da masu amalanke suka yi ta jefa dammuna ciki har suka taɓo jinka. Da na dawo na leƙa, na ga ɗaki ya cika maƙil. Sai na lallashi kaina da cewa kaza ba wawiya ba ce, ai da ta ji hayaniya ta tsere. Na neme ta a bayan randuna, na neme ta a kwararo, babu ita.

Washegari da rana sai ga ƙamshin miyar kaza yana tsallako katanga daga gidan maƙwabciyarmu, wata Bafulatana da nake kira Adda. Shi ke nan, na gama shari'a na yanke hukunci. Ban je na tambaye ta ba. Na jawo turmin daka kusa da katanga, ina daka ina habaici, wai wasu miyarsu ba ta daɗi sai da kazar mutane. Ita ma ba baya ba ce, ta mayar mini da Fulatanci, wai wanda bai iya kiwon bakinsa ba ina zai iya kiwon kaza. Muka daina gaisawa.

In an tambaye ni ko ba mu ji wari ba, sai in ce mun ji mana. Amma gidan mahauta ne. Ga ƙiraga a shanye a tsakar gida, ga ƙahonni a jibge, ga Yaya da ke shigowa da rigar aiki. A irin wannan gida ba wanda ke tsayawa ya tambayi wari daga ina yake. Ni da kaina na yi wa Yaya tsiya kan ya kwashe fatunsa, suna hana mu cin abinci. Ana cikin haka aka yi ruwan bazata na tsakiyar zafi, jinkar ɗakin ta yi yoyo, sannan rana ta dawo da ƙarfinta irin na Garwa, wadda ke sa mutum ya ji tausayin ƙadangare.

Wajen mako uku da ɓatan kazar, doki ya fara abin mamaki. Dawar da yake cinyewa kafin in gama wanke kwano, sai ya yi ta juya ta a baki tana zubowa ƙasa haɗe da yawu. In an kawo ruwa sai ya tsoma baki har hanci, ya daɗe a ciki, a ɗauke bokiti ruwa na nan yadda yake. Kafaɗunsa suna rawa in ya jima a tsaye. Da rana tsaka sai ya kwanta, abin da bai taɓa yi ba. Amma idonsa biyu sarai, in ya ji takun sandar Baba sai ya juya kunne.

Baba ya ce ciwon ciki ne, kuma maganin ciwon cikin doki kowa ya san shi tun kaka da kakanni: a yi masa ɗura, a zagaya da shi. Aka jiƙa kanwa da tsamiya, aka cika kwalba, Yaya ya ɗaga kan doki sama, Baba ya ɗura. Ruwan ya dawo ta hanci, doki ya yi ta wani tari mara ƙarfi. Aka ja shi zagaye a fili, bai yi zagaye uku ba ya durƙushe a kan gwiwoyinsa. Ni kuma na kawo tawa gudummawar, na ce kambun baka ne, don na taɓa jin Adda ta ce dokin ya yi ƙiba ba ta ce tubarkalla ba. Na turara barga da hayaƙi har idanun kowa suka yi ja.

A rana ta uku Yaya ya tafi ma'aikatar dabbobi ba tare da ya nemi izini ba, ya dawo da likita. Wani dogo ne ɗan ƙasar Kaele, can arewa da Garwa, ba Musulmi ba, da wandon kaki da jakar fata, kowa na ce masa dokto. Kuma a kan mobilet ya zo. Baba ya dube shi, ya dubi mobilet ɗin, ya tambayi Yaya da Hausa ko wanda bai taɓa hawa doki ba ne zai koya masa doki. Ashe mutumin yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya durƙusa ya gaida Baba da Fulatanci mai kyau, ya ce gaskiya ne bai iya hawa ba, dubawa kawai ya iya.

Ya fara da zura wa doki ma'aunin zafi ta ƙarƙashin wutsiya. Baba ya kau da kai, ya ce tun da aka haifi dabbar nan ba a taɓa ci mata mutunci irin na yau ba. Dokto ya ce babu zazzaɓi. Ya ɗaga wutsiyar ya saki, ta faɗo yaraf kamar igiya. Ya ɗaga fatar ido da yatsa, ta sauko a hankali. Ya sa aka auno dawa gwangwani ɗaya, ya tsaya yana duban agogonsa, har ya gaji doki bai ci rabi ba. Daga nan ya zura hannu ta gefen baki, inda babu haƙora, ya jawo harshen waje ya saki. Harshen ya tsaya a nan yana reto. Sai da aka jima doki ya iya jan abinsa ciki.

Baba ya riƙe harsunan shanu a rayuwarsa fiye da yadda zai iya tunawa, ya san yadda harshen da babu ƙarfi a cikinsa yake. Na ga fuskarsa ta sauya. Daga lokacin bai ƙara yi wa mutumin ba'a ba.

Dokto ya tambaya ko wani abu ya mutu a rijiyarmu. Aka ce a'a, daga ita muke sha. Ya ce to a fito da harawa duka, dami-dami. Nan take na tuna gurbin da na yi a ƙurya. Yaya yana jefo dammuna, ni ina ja da baya, ina addu'ar Allah ya sa ɓera ne. Maƙwabta sun taru, Adda ma ta ɗora haɓa a kan katanga tana kallo. Da aka kai ƙurya, inda ruwan ya jiƙa, wari ya bugo mu, harawar wurin ta yi baƙi ta dunƙule. Yaya ya sa sanda ya ɗago wani abu shimfiɗaɗɗe mai gashi wake-wake. Jan zarena na nan a ƙafarta. Ana cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, tawa a ƙarƙashinsa ta kwana, kuma rashin sanin nawa ne.

Na juya wajen Adda. Ta dube ni, ta dubi kazar, ta sauke haɓarta daga katanga. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dokto ya faɗi sunan cutar da Faransanci, botilism. Na yi aji uku a lekol, makarantar bokonmu ta Faransanci, amma ban taɓa jin kalmar ba. Ya yi mana bayani da Fulatanci. Ya ce in mushe ya ruɓe a wurin da iska ba ta shiga, wani dafi yana fita daga jikinsa ya shiga abin da ke kewaye da shi. Dabba ba sai ta ci mushen ba, harawar da ta jiƙu da shi ta isa, kuma doki ya fi kowace dabba rauni a kansa. Dafin ba ya taɓa hankali, tsakanin jijiya da tsoka yake shiga, doki ya so haɗiya maƙogwaro ya ƙi. Shi ya sa ɗura ta fi cutar haɗari, don ruwan huhu yake tafiya. Zagayen kuma ƙone ɗan ƙarfin da ya rage yake yi. Akwai allurar da ke karya dafin, amma daga nesa ake aiko ta, kuma ko ta zo, abin da ke yawo a jini take kamawa, wanda ya riga ya kama jijiya sai jiki ya gyara da kansa.

Baba ya tambaye shi kai tsaye ko dokin zai tashi.

Dokto ya ce, "Baaba, muddin yana iya miƙewa da kansa, muna da abin riƙewa. Aikinmu kada yunwa da ƙishirwa su kashe shi kafin jijiyoyin su dawo. Ba ɗura, ba zagaye, ba taron jama'a."

Aka ƙone harawar duka a bayan gari. Da mutane suka watse Baba ya kira ni zaure. Na durƙusa na faɗi komai, gurbi da ƙwai tara da habaici, ina kuka ina jan majina, mace da 'ya'ya biyu. Na san abin da na yi. In dokin nan ya mutu, Baba ba zai sake sabawa da wani ba a shekarunsa, kuma ba zai karya rantsuwarsa ba. Zai zauna a zauren nan har a fitar da shi a makara, kuma ni ce sila. Na jira ya yi mini faɗa, wallahi so nake ya yi. Sai ya ce, "Tashi ki je ki gaida maƙwabciyarki. In kin dawo, ke za ki riƙa dama masa kunu."

Zuwa gidan Adda ya fi mini tafiya Makka a ƙasa nisa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta bar ni na yi ta kame-kame har na gama. Sannan ta ce zabo ne ta dafa ran nan, ƙaninta ya kawo mata daga daji, kuma da na tambaya da ta ɗiba mini. Ta shiga ɗaki ta fito da matacinta mai laushi, ta ce in tace wa doki kunu da shi, don nawa ta san ramukansa akuya za ta iya wucewa. Har ta bar duniya, in mun haɗu a taron biki sai ta tambaye ni a gaban mutane ko kazata ta dawo.

Kunun ba ta baki za a ba shi ba. Safe da yamma dokto yake zuwa da wani dogon tiyo na roba, ya shafa masa mai, ya zura ta hancin doki a hankali. Yana turawa yana shafa gefen wuya na hagu, sai ya ji tiyon ya bi hanyar abinci, ya kara ɗaya bakin tiyon a nasa hancin ya sansana, ya tabbata ciki ya shiga ba huhu ba. Ya hana kowa gwada wannan in ba ya nan. Ni aikina in hau kan turmin Baba, wanda aka mirgino daga ƙofar zaure, in riƙe mazurari sama in riƙa zubawa. Garin gero ne da dusa da ɗan gishiri, a dama ruwa-ruwa, a tace, a bar shi ya yi ɗumi. Ranar farko tiyo ya toshe, dokto ya ce kununa na da gudaji. Ni fa, da unguwa guda ke aiko mini kwano in na dama kunu da azumi. Na haɗiye maganar don ba ni da bakin musu a makon nan.

Yaya ya kwaso yashi mai laushi daga bakin kogi aka shimfiɗa a barga, aka ƙara zana don inuwa. In doki ya daɗe kwance a gefe ɗaya, sai a sa igiya a juya shi kada jikinsa ya yi gyambo. Baba ya kawo buzunsa ya tare a wurin. Mutumin da in ya yi ciniki a wannan ƙarshen kara ana jin sa a wancan, ya koma magana ƙasa-ƙasa, yana kore wa doki ƙuda da mafici, don wutsiyar ba ta iya korewa. Abokansa na bakin kogi suka zo dubiya, ya sa aka tsayar da su a zaure. Juma'a uku ya yi azahar a gida. Abin da ya fi ba ni dariya, ko a cikin tashin hankalin, shi ne yadda ya koma kasa kunne yana jiran ƙarar mobilet. In rana ta ɗan ɗaga bai ji ta ba, sai ya fara tambaya ko lafiya yaron nan ya makara.

Rana ta takwas ce ba na son tunawa. Doki ya kwanta tun hantsi, azahar ta yi bai tashi ba. Ya yunƙura sau biyu, ƙafafun gaba suka miƙe, na baya suka ƙi. Yaya, da kyakkyawar niyya, ya ce ko da wani abu ya faru Baba kada ya damu, shi zai riƙa kai shi duk inda yake so, an ce akwai mobilet mai faffaɗan mazauni. Baba ya dube shi kawai, Yaya ya tuna yana da aiki a kasuwa. Na shiga madafa na toshe baki da gefen zane na yi kuka mai isata. Ana kiran la'asar na ji Baba yana cewa a hankali, yawwa, yawwa. Na leƙo na ga doki a tsaye, duk jikinsa na kakkarwa, yashi na zuba daga haƙarƙarinsa.

Daga nan abin ya riƙa sauƙi kaɗan-kaɗan, yadda ba ka gani sai ka waiwaya. Na ja layi da gawayi a cikin bokitin ruwansa, kullum in duba. Kwana da kwanaki ruwa na kan layi. Wata safiya na tarar ya sauka da faɗin yatsa biyu, na zargi rana da shanyewa, sai da na tsaya na ga maƙogwaronsa yana motsi da idona. Dokto kuma kowace safiya sai ya jawo harshen ya saki. A cikin mako na uku ya jawo, harshe ya kuɓuce masa ya koma ciki da sauri, doki ya juyo ya cafki aljihun rigarsa ya yage shi har ƙasa. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu ya gane dokinsa, yana rama abin ma'aunin zafi ne. Ni na ɗinke aljihun.

Aka daina tiyo, aka koma jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyar ciyawa. Doki ya rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofar madafa. Ranar da dokto ya yi mana sallama ya ce a riƙa jan sa da ragama yana ɗan takawa, amma kada kowa ya hau shi sai damina ta zauna sosai, wata biyu ko fiye. Baba ya sa aka naɗe masa tsire da kilishi, ya raka shi da sanda har ƙofar zaure, ya tsaya yana kallon mobilet ɗin har ta sha kwana. Na ce a raina to, wata biyu kuma a zaure.

Juma'ar da ta biyo baya na mirgina turmi na mayar da shi wurinsa, don sabo. Baba ya yi wanka, ya sa farar riga, ya naɗa rawani. Ya ce wa Yaya ya sa wa doki ragama, ban da sirdi. Aka fito da doki ƙofar gida. Baba ya zo daidai turmin, ya wuce shi. Ya miƙa mini sandarsa, ya ɗora hannun dama a kan kafaɗar doki, ya riƙe ragama da hagu. Titi cike da masu tafiya masallaci, har da Fulanin da ke tsokanarsa.

Bakina dai bai iya shiru ba. Na ce, "Baba, ɗingishin fa? Za a gani."

Ya ce, "Shekara nawa dokin nan yana ɓoye mini shi? Yau shi ma ƙafarsa ba ƙwari. Su kalle mu tare."

Suka kama hanya, Baba na jan ƙafar dama, doki na takawa a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka riƙa rage sauri suna gaishe shi, wasu suka bi bayansu. Na tsaya a ƙofa rungume da sandar, Adda ta fito ta tsaya kusa da ni. Da suka kai gindin dalbejiyar da ke bakin kwana sai suka tsaya hutawa, kuma daga inda nake ban iya gane wanda ya tsaya jiran wani ba.